Kwana Ashirin a Bayan Bukuru

Mun taso daga Maraɗi mu shida,
da kwalin magani, da sefa ƙulle a bakin zane,
ni kuma da littafin rubutu cike da wa'azi
wanda na yi wata uku ina gogewa.
A bakin iyaka, da aka buga mana hatimi,
sai na ji kaina ya kumbura:
yau ni ce mai kai bishara wata ƙasa.

Jos ta tarbe mu da sanyi.
Ba wanda ya gaya mini ana rawar ɗari a watan Agusta.
Duwatsu sun hau kan juna kamar jeren tukwane,
ruwa na zuba tun asuba.

Ran farko na tambayi Fasto Dachung,
yaushe zan yi magana?
Ya miƙo mini bokiti.
Ya ce, rijiya tana gangare, a kula da santsi.

Haka kwanakin suka bi juna.
Ɗebo ruwa, tafasa almakashi,
feraye dankali har yatsu su yi baƙi.
Yara na bina suna kwaikwayon bakina,
"tahi, tahi," su fashe da dariya.
Da dare in buɗe littafin nan, in rufe,
in kai wa Ubangiji ƙara a ƙarƙashin bargo biyu:
don bokiti Ka ƙetarar da ni iyaka?

Ngo Kangyang takan zo Talata da Juma'a,
shekara huɗu da gyambo a ƙwauri.
Nakan durƙusa in kwance tsumman
ina riƙe numfashi kada ta gane.
Ta gane.
Ta ce, 'yata, toshe hancinki, ni ma warin na damuna.
Muka yi dariya har ruwan gishirin ya zube.
In na gama ɗauri sai ta dafa kaina,
ta yi addu'a da harshen Birom.
Ban tsinci komai ba sai sunan Yesu
da nawa, Damaris, wanda ta gutsure wa wutsiya.

Wata yamma ta dogara sanda ta kai ni bayan gonarta.
Ga tafki, kore shar, ko motsi ba ya yi.
Ta ce, wannan ba haƙar Allah ba ce.
Baƙi ne, zamanin ubana,
suka kwashe kuza suka bar mana rami.
Ya ci awaki. Ya ci yaro guda.
Amma da rani nan muke ɗiba mu shayar da kabeji.
Ba ta ƙara ba, ta shiga tsinkar ganyen miya.
Na leƙa ruwan,
na ga wata baƙuwa tana dubana.

Lahadin ƙarshe aka ba ni minti biyar.
Littafin na cikin jaka, danshi ya manne shafukansa.
Na tashi, na ce na gode,
na ce wanda muke bi ma ya taɓa durƙusawa gaban ƙafafu,
sai murya ta maƙale.
Matan zumunta suka rufa mini asiri da ganga.

Gyambon bai warke ba.
Da ya kai tafin hannu, yanzu bakin kofi ne.
Nvou, jikarta, ta koyi ɗaurin,
hannunta ya fi nawa sauƙi.

Motarmu na tasha, direba na ta hon.
Cikin jakata akwai mudu biyu na acca,
da rigar sanyin tsohuwa, mai warin hayaƙi,
wadda ba ranar da zan sa a Maraɗi.
Barnaba na tambaya me za mu rubuta a rahoto,
mutum nawa muka kawo ga Ubangiji.
Na ce bari mu sauka gangaren tukuna,
har yanzu ina jin nauyin hannunta a kaina.