Kacala a Cikin Ɓargo

Ranar kasuwar Auyo, Isiyaku mai cajin waya ya tare ni,
hannuna duk baƙin mai, na fito daga gyaran injin ban-ruwa.
Ya ce, "Baffa Haladu, zo ka ga 'yarku."
Ga sunan Bara'atu da rubutun boko,
ga lamba a gefe: dubu biyu da ɗari huɗu da sha ɗaya.
Na ce, "Naira?"
Ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ce, "Masana ne, kowanne sai da ya dafa maganarta
kafin ya miƙe da tasa."

Ni da mudu na san awo.
Na zuba su a mudu, suka ƙi zama.

Ai Isiyaku bai san Sabi'u ba.
Shekara bakwai, mai kama fara da hula,
sai dasashinsa ya soma jini ba a taɓa shi ba,
tafin hannunsa ya koma kamar ƙullun koko,
ga shatar duka a cinya, alhali ko tsawa ba a yi masa.
Aka ce shawara ce, muka dafa saiwa.
Aka ce kambun baka, muka yi turare.
Daga nan aka soma kallon Iya Dudu ta wutsiyar ido,
daddawarta ta kwana uku a faifai ba mai tayawa.

Haɗejiya suka ce Kano.
A Kano leda huɗu ta jini, bijimi guda ya tafi.
Likita ya faɗi wata kalma, ta bi ta kanmu kamar shirwa.
Bara'atu ce kaɗai, 'yar sha biyu,
ta ari biro ta rubuta a tafin hannu.
Da hagu ta dinga wanke-wanke
har ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Bara da ta zo hutu na ce, "Dakta, yi mini da Hausa."
Ta ja ni bakin fadama, takalminta a hannu.
Ta ce, "Baffa, ka tuna nan kwale-kwale ke wucewa?"
Na ce, "Har tarwaɗa na kama a nan."
Ta ce, "To yanzu fa?"
Kacala ce tsaye, ta fi ni tsawo, ta shaƙe ruwan.
Ta ce, "Ɓargo ma fadama ne, a can ake noman jini.
Haka ta cinye na Sabi'u.
Jiki yana da masu gadi,
kamar yaran da ke korar jan-baki daga shinkafa,
amma wannan ɓarauniya rigar 'yan gida take sawa,
su gaishe ta, su ba ta hanya.
Aikina ke nan shekara goma sha tara:
koya wa mai gadi ya kalli fuska, ya bar kallon riga."

Na ce, "An gama?"
Ta tsinki ganye tana murzawa.
Ta ce, "Wasu yaran suna tashi, Baffa.
Amma kuɗin ya fi gonarka da ta maƙwabcinka,
kuma hanyar ba ta iso nan ba tukuna."

Da la'asar ta nemi gidan Iya Dudu.
Jikarta ce ta fito, da goyo.
Tsohuwar ta shekara tara a ƙasa,
ba wanda ya je ya ce mata, "Ba ke ba ce."
Bara'atu ta durƙusa ta faɗa wa jikar,
ta sayi daddawa ta ɗari biyar, ba ta karɓi canji ba.

Don haka, Isiyaku, lambarka da saura.
Ƙara mutum biyu da ba su iya boko ba,
da kafaɗarsu ta dafa ta miƙe.
Dubu biyu da ɗari huɗu da sha uku.

Miƙo mini sifana, injin nan bai tashi ba,
ga albasar mutane tana jiran ruwa.