Tuntuɓen Alƙalami

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
Janareton tsangayarmu ya yi shiru tun sha ɗaya.
Saura ni, da batir mai numfashi sama-sama,
da na'ura tana tuƙar abin da na ba ta
kamar saniyar da ba ta san ana jiran nono ba.

Baƙaƙe huɗu kacal ne aikina.
Da su aka rubuta dawa,
da su aka rubuta ƙudujin da ke shan jininta,
da su aka rubuta ni.
Ina jera su sahu-sahu, dubu bisa dubu,
kafaɗa da kafaɗa,
ina neman wanda ya zame daga layi.

Goggo Tabawa ta ce, "To Dakta, ga gwiwata."
Na ce ni ba irin wannan daktar ba ce.
"An dai ɗauke ki aiki?"
Na ce, na wata ashirin da huɗu.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Wannan ai shayarwa ce, 'yar nan."
Saura wata uku a yaye ni.

Kakana Malam Jafaru, a Unguwar Juma,
kwafar littattafai ce sana'arsa.
In an kawo masa tsohuwar takarda
ba ya tambayar hannun wane ne.
Sai ya bi layi da ɗan yatsa, ya bi, ya tsaya:
"Ga shi. Nan aka tsallake wasali.
Wannan daga na mutanen Kona aka ɗauko shi,
tuntuɓensu ɗaya."
Daidai ba ta nuna dangi, in ji shi,
kuskure ne ke haihuwa.

Ban san gadonsa na ci ba
sai ran da na ga ƙudujin wata gona a Bomo
da na wata gona a bayan Maigana
sun yi tuntuɓe a gurbi guda,
baƙi ɗaya ya hau kujerar ɗan'uwansa.
Wata uwa ce ta yi kuskuren,
tun ba a gina ganuwa ba wataƙila,
jikokinta na nan suna maimaita shi a gonakin mutane.

Kofin Saratu Kajang na nan kan teburinta.
Ta tafi inda wuta ba ta ƙyaftawa,
takan turo hoton ƙanƙara, da tambayar ko masara ta nuna.
Ni wasiƙa bakwai na aika.
Biyu sun dawo da "muna baƙin cikin sanar da ke".
Biyar ko tari.
Farfesa Tukur ya ce in ƙara haƙuri, kuɗin bincike na tafe.
Tun bara suke tafe, ƙila a ƙafa.

Kashi casa'in da ɗaya.
Batir ya fara kuka irin na ɗan tsako.
Na kashe fanka, na kashe ƙwan fitila,
na ba na'ura rabona na iska.
Sauro ya samu gari.
Shi ma baƙaƙen nan huɗu ne, na ce, na kai masa mari.

Ana kiran assalatu bishiyar ta fito,
reshe na fita daga reshe,
saiwarta can inda ba mai suna.
Baba Ilu maigadi ya leƙo da butarsa:
"An samu?"
Na ce an samu dangantaka, Baba, ba a samu magani ba.
Ya ce, "To ai sanin asali ma wani abu ne,"
ya wuce alwala.

A gidanmu kowa ya bi layi:
mai koyarwa, mai awo, mai ɗinki.
Ni ce baƙin da ya zame.
Ko zan haihu, ko shafe ni za a yi a kwafi na gaba,
ba na'urar da ta iya wannan lissafi.

Na adana aikin wuri uku.
Na buɗe wasiƙa ta takwas.