Rabin Alewa

A Daegu, ranar babbar jarrabawa,
jiragen sama ma dakatawa suke
kada ruguginsu ya cinye wa yara kalma ɗaya.

Ciki ɗaya muka kwana ni da Dongha.
Ya riga ni fitowa da minti sha ɗaya,
har yau ban gama biyan bashin mintocin nan ba.

Mama ta hau dutse tun duhun asuba,
gwiwarta tana kuka a kan matakala,
ta durƙusa sau ɗari da takwas.
Na ce, nawa ne nawa a ciki?
Ta ce, ke Gyuri ai ba kya buƙata.
Na rasa ko yabo ne
ko ƙofa ce aka tura a hankali.

Tasin Baba ba ta huta ba shekara uku.
Abin da ta samo bayan sha biyun dare
ya tafi makarantar dare ta Dongha.
Ni littattafansa na gada,
ina goge fensirinsa
ina zuba amsata a gurbin tasa.

Ke kwalejin malamai na nan, bas ɗaya,
ki dawo ki tarar da shinkafa da zafinta.
Shi kuwa Seoul. Likita.
An rataya masa sunan gidan a wuya
tun bai san ɗaurin takalmi ba.

Sai dai bangon ɗakinmu ba shi da kauri.
Na san yana sakin famfo
don kada a ji amansa.
Na ga gashi a matashinsa, tsibi guda.
Na ga burodin da yake kwaɓawa a ɓoye
in gida ya yi barci,
yana leƙa kullun kamar mai jinya.

Da safen nan ba a yi miyar ciyawar teku ba,
wai santsinta na zamar da mutum.
Aka ba shi alewa mai danƙo, don ya manne.
A bakin ƙofar makaranta ya karya ta da haƙori
ya danƙa mini babban ɓarin
bai dube ni ba.

Sakamako ya zo tare da ƙanƙarar Disamba.
Baba ya jera takardun biyu kusa da kwanon miya,
ya duba tawa, ya duba tasa,
ya sake duba sunayen.
Da ma a ce musaya aka yi, in ji shi,
kuma ba da mugunta ya faɗa ba,
abin da ya fi ciwo ke nan.

Dongha zai maimaita shekara. Ba a tambaye shi ba.
Ni ma ba a tambaye ni ba.

Da dare muka hau rufin bene,
inda tulunan Mama suke daskarewa.
Ya ciro burodi daga cikin rigarsa, da ɗuminsa.
Cike takardar Seoul, ya ce, ni zan tsaya a ƙofa.
Gishirin ya ɗan yi yawa.
Na cinye.