Mai Duba Waya

Ƙarfe biyar suka miƙe, suka bar mini ɗakin,
benen nan na Ƙofar Ƙaura, saman mai sayar da taya.
Tebur shida, zafin na'ura, warin roba,
fitilu ƙanana na ta ƙifta ido
kamar 'yan tsaki a akurki.

Ni ne mai duba, kuma ba gumi nake dubawa ba.
Ba na tambayar wa ya kwana bisa littafi,
wa ya sayar da babur ya biya kuɗin zama.
Saƙo nake aikawa daga wannan kusurwa.
In ya je waccan ya dawo, in sa maki.
In ya ɓace a hanya, in zana ƙwai.

Tebur na uku na Sada ne.
Dubi yadda ya jera wayoyi kamar kitson salla,
kowace da sunanta a wuya,
umarni bisa umarni, tsaf, babu ƙura.
Amma a layi na sha tara
ya sa ashirin da biyar inda ake son hamsin da biyu.
Yatsa ne ya riga ido.
Tambaya ta huɗu maki uku ce, ba a gutsura ta:
ko ka ɗauke ta duka, ko ka bar ta duka.
Ta biyar a kanta take tsaye,
ta shida kuma a kafaɗar ta biyar.
Lamba guda ta zame, soro uku suka zauna.

Tebur na biyar, Barira.
Wayoyinta kamar taliya a tukunya,
har na yi tsaki kafin in zauna.
Na aika saƙo, ya dawo.
Na cire waya guda da gangan,
ya kewaya ta bayan gida, ya dawo.
Na kashe na'urar, na kunna, na jira,
ya dawo yana murmushi.
To, me zan ce? Alƙalami ya bi gaskiya.

Na Iro ma ya isa, da sauri ma.
Sai dai takarda ta ce a shafi na farko:
kada ka kafa wa saƙo hanya da hannunka,
bar na'urori su koya wa juna.
Shi kuwa ya haura katanga ya buɗe ƙofa ta ciki.
An shiga gidan, ban musa ba.
Ƙwai.

Mahaifina magini ne a Rafindadi.
Bai taɓa jin sunan rawuta ba,
amma shi ya fara karanta mini wannan doka.
Yakan ce, yaɓe ba ya rantsuwa,
jira ruwan Agusta ya ba da shaida.
Ruwa bai san ka yi asubanci ba,
tsaga guda yake nema.

Ni ma na taɓa zama a wancan gefen.
Awa takwas a Legas, komai kore shar,
na tashi ban adana aikin ba.
Aka kashe, aka kunna,
na'ura ta farka ba ta san ni ba.
Daga tasha har Funtuwa ban ce uffan ba.

Yanzu ga kiran magariba, janareta na tari.
A babbar jarrabawa ba mai gaya maka inda ka faɗi,
kaso kawai za ka gani, busasshe, a allo.
Nan kuwa gwaji ne, kuma takardar a hannuna take.
Na rubuta a gefe, ƙanana: duba sha tara.

Na sauko.
Sada na zaune a bencin mai taya,
bai tafi gida ba.
Ya dubi hannuna, bai dubi fuskata ba.
Na ce, gobe ƙarfe takwas,
ka zo da karin kumallonka.