Ta Faso Ta Shiga

Ƙanena Nomau ba ya sa takalmi a fadama.
Wai roba na hana ƙafa jin maganar ƙasa.
Shekara goma sha ɗaya yana ban-ruwa a Jiratawa,
zogale, barkono, ɗan layin albasa,
dugadugansa sun dare kamar cikin Gulbi da rani.

Bana ruwan Agusta ya haure kanal,
ya wanke ramin ɓera da na gafiya,
ya kwanta a fili kwana tara.
Nomau ya shiga har gwiwa don ceton inji.

Ran Laraba ya ce sha-raɓarsa
kamar an kirɓa ta a turmi.
Muka ce masassarar damina ce, wa ta bari?
Na sayo ƙwaya wurin mai tebur.
Jiki ya yi sanyi kwana biyu, muka yi hamdala,
ashe ja da baya ne irin na rago.

Ido ya yi ja, babu kwantsa.
Daga ja ya koma gwaiduwa.
Fitsari ya ƙafe.
Tari ɗaya ya yi,
sai ga jini a zanen Tsahara.

A babban asibitin Maraɗi
likita Barira ta ja ni bakin taga,
ta tambayi sana'ata.
Na ce magini ne, ni ke liƙe kanal.
Ta ce, to ai ka riga ni sanin karatun.

Ta ce kowace jijiyar jini hanyar ruwa ce,
da yaɓe a ciki, bai kai kaurin ɓawon albasa ba.
Ita kuwa ƙwayar siririya ce, murɗaɗɗiya,
da ƴar ƙugiya a baki,
fitsarin ɓera ya kawo ta, faso ya buɗe mata ƙofa.
Ba ta fasa bango.
Tana bin mahaɗa ne, tana sassauta ta,
sai yoyo nan, yoyo can,
har huhu ya zama fadama.
Ta ce, in kanal na zuba tun daga kai,
wa ke kwana da ƙishi?
Na ce, mai gonar ƙarshe.
Ta ce, ƙodarsa ke nan.

Na ce, shi jiki ba shi da masu gadi?
Ta ce yana da su, garkuwa guda.
Da fari baƙuwar ta wuce su, ba su shaida ta ba.
Da suka farga sai kururuwa ta tashi,
kowa na kiran wani, babu mai cewa ya isa,
suka fito da wuta don kashe ɓera
a cikin rumbu.
Rabin abin da kake gani, in ji ta,
ɓarnar masu ceto ce.

Suka ɗaura ruwa, suka yi allura bayan allura.
Na ba da jinina leda ɗaya.
Dare shida ina kan tabarma a baranda
ina ƙirga numfashinsa ta ƙofa,
in ya yi jinkiri, nawa ma ya tsaya.

Asubar kwana na bakwai
Tsahara ta fito da gora a hannu,
tana dariya, tana kuka.
Fitsari ne, rabin gora, launin shayi.
Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Yanzu yana gida, wuyansa kamar sillen kara.
Na sayo masa takalmin roba mai tsawo a babbar kasuwa,
jaka huɗu da rabi, ban nemi ragi ba.
Ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye gefen gado,
bai ce zai sa ba, bai ce ba zai sa ba.

Jiya na koma aiki.
Na ga wata ƴar tsaga a bangon kanal,
ruwa na tsattsafowa, ko cokali bai cika ba.
Da can sai in ce gobe.
Na durƙusa, na kwaɓa siminti.