Ƙugiyar da Nake Jira

Sun ce Alhamis.
Waccan Alhamis ɗin ma haka suka ce,
sai aka ɗaga, wai an gano ɓaraka
a inda na'ura ke farkawa daga barci.
Ban ji haushi ba.
To, na ɗan ji.

Shagona na bayan tashar Garwa,
tsakanin mai walda da Dijatu mai kunun gyaɗa.
Kwamfutoci goma sha ɗaya ke ƙarƙashin teburina,
na wata makaranta ne a hanyar Pitowa.
Shugabansu ya sauke su daga a-kori-kura,
ya ce, "Barkindo, in sun mutu ka gaya mini in binne."
Ba mutuwa suka yi ba.
Kaya aka labta musu fiye da ƙashin bayansu,
tsohon jaki da buhun siminti huɗu.

Manhajar da nake jira ba ta da maigida.
Noman gayya ce:
wani ya ja kunya ɗaya a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba,
wata ta cire ciyawa da dare bayan yara sun kwanta,
aka bar rumbu a buɗe,
ba mai tsayawa a ƙofa da rasit.

Ni ma na taɓa sa fartanyata, sau ɗaya tak.
Bara da damina wata ɗaliba ta buga "mun yi baƙi",
takarda ta fito ta ce mun yi baki.
In ka matsa mata, sai ta ba ka akwati fanko
a gurbin ƙa, a gurbin ɗa, a gurbin ɓa.
Fulanin layinmu ma kukansu ke nan.
Na rubuta wa masu gayya da Faransancina mai ɗingishi.
Kwana tara shiru.
Sai wani, sunansa kamar atishawa, ya ce in aiko hoto.
Na aika.
Ya ce: a fitowa ta gaba.

Wata bakwai ke nan ina riƙe da kalma huɗu
kamar tikitin motar da ba ta cika ba.

Na sayi data ta jaka biyu, na hana kaina taɓawa.
Na share ƙaramin kile ɗina tas,
har hotunan sunan ɗan ƙanwata na kwashe.
Batir biyu na cika,
don ruwan Binuwai ya ja baya
kuma wutar Lagdo sai ta ga dama take gaishe mu.
Ƙarfe ɗaya na dare zan fara saukewa,
lokacin da gari ya saki layi.
Na san halin abin:
rijiya ta bayar, guga ya hana,
ya kai tamanin da tara cikin ɗari ya tsaya yana kallona.

Hamajam, yaron shagona, ya ce,
"Maigida, nawa za su biya ka?"
Na ce ko dala.
"To kai nawa za ka biya su?"
Na ce ko dala.
Ya daɗe yana juya sukurdireba a hannu,
ya ce shi bai taɓa ganin kasuwa irin wannan ba.

Wataƙila ta zo da sabuwar tangarɗa.
Wataƙila firinta ta yi yaji, kamar wancan karon.
Wataƙila mai sunan atishawa ya manta da ni,
yana da nasa haya da nasa ciwon kai.

Yau Laraba. Mai walda ya kashe injinsa.
Na jawo ɗaya daga cikin sha ɗayan, na hure mata ƙura,
na buɗe farin shafi, na danna.
Akwati fanko.
Na bar shi a nan, ban goge ba,
don gobe in sami abin gwadawa.