Sawu a Kan Toka

Shekara talatin da ɗaya ina rawa a Garwa.
Na kashe akayau ya fi a ƙirga,
na ci kuɗin liƙi daga Yalwa har Rumde Ajiya,
ba wanda ya taɓa tambayata
da wace ƙafa nake farawa.

Sai bana aka tara mu, mu goma sha bakwai,
a wata lakwal can wajen gadar Binuwai,
kan bencin yara, gwiwa na gaida haɓa.
Ga Jawyang ɗan Tupuri da sandarsa,
ga Dudu mai rawar ƙwarya, ga ni da furfura.
Wai mako shida za a koya mana koyarwa.

Madam Astawabi, 'yar siririya, alli a hannu,
ta ce, "Cindo, taka mana."
Na taka, ƙasa ta amsa.
Ta ce, "Madalla. To sake, a hankali,
ka ƙirga, ɗaya, biyu,
yadda ɗan shekara bakwai zai ɗauka."
Na ɗaga dama. Na ajiye. Na ɗaga hagu.
Wallahi sai ƙafafun suka zama na aro,
na toge kamar jaki a bakin kwalbati,
Jawyang na dariya har da shaƙewa.

Ni ba da ƙirga aka koya mini ba.
Ubangidana Nomau, Allah ya jiƙansa,
tsumagiya ce bakinsa.
Ka kuskure, ƙwauri ya ji. Ka dace, ya yi shiru.
A takardar Madam kuwa, layin farko:
ba duka, ba zagi, ba tsawa.

Daren nan na kwashe tokar murhu
na baza a tsakar gida,
na yi rawar ba kiɗa, sau ɗaya tak,
na tsuguna da tocila ina karatun sawuna.
Ashe dama ce ke shiga gaba. Ashe diddige, ba yatsu ba.
Ashe a taki na biyar akwai 'yar ja da baya
da ban san ina yin ta ba.
Talatuwa ta leƙo ta ce,
"In iskoki ne, ka faɗa tun da wuri.
Kuma kai ne da sharewa."

Aka ba ni aji.
Yara tamanin da huɗu, inuwar darbejiya ɗaya.
Kuɗin ganga bai fito ba, in ji darakta,
muka kife jarkar mai.
Na yi Hausa, rabi suka gane,
na yi Fulatanci, na ƙara da Faransancin kasuwa,
a ƙarshe ƙafa ce ta fassara wa kowa.

Akwai Yagana, silifas ɗinta ɗaure da waya.
Taki na biyar, ni ina ja da baya, ita sai gaba.
Na gyara, ta sake. Na gyara, ta sake.
Hannuna ya tafi neman reshe da kansa,
na ji Nomau yana gyaran murya a kafaɗata.
Na tura hannun aljihu.
Na ce, "To, yi naki mu gani."
Ta yi. Ba nawa ba ne,
amma ya zauna daram cikin kiɗan jarka,
har na layin baya suka soma kamawa.

Alawus wata uku ke nan ana cewa gobe.
Wani uba ya zo, wai karatu ya turo ɗansa, ba tsalle ba.
Na ba shi benci, ya zauna yana harara.
Babban yatsansa dai na gani yana motsawa.

Jiya na sake baza toka.
Talatuwa ba ta ce uffan ba, ta miƙo tocila.
Na gwada takin Yagana, sau uku ina tuntuɓe.
Gobe zan tambaye ta, a gaban aji,
da wace ƙafa take farawa.